An Nuna a Majigi, Amma An Rubuta?

 In akwai wanda bai iya karatu ba a gidanku, ku kira shi ya zauna kusa, a karanta wannan 'yar takarda da ƙarfi domin kowa ya ji.

Wata shekara bayan kaka, da aka gama kai dammunan gero rumbu, waɗansu 'yan'uwa masu bishara suka zo wani ƙauye tsakanin Dakoro da Kornaka. Suka kafa itace biyu a fili, suka ɗaura farin ƙyalle, suka ta da injin wuta. Da dare ya yi gari duka ya fito, masu bi da waɗanda ba masu bi ba, har Fulani daga rugga. Aka nuna majigin Yesu da Hausa. Ina wurin. Da aka kai ga gicciye, mata suka riƙa share hawaye da bakin zane. Na gode wa Allah a daren nan, har yau kuwa ina gode masa.

Amma kafin mako ya zagayo, abu uku suka faru.

Wata tsohuwa mai bi ta same ni ta ce, "Malam, ka samo mini hoton nan na Yesu in kafa a ɗaki, in riƙa dubansa in zan yi addu'a."

Wani maƙwabci Musulmi, mutumin kirki, ya tambaye ni cikin ladabi ya ce, "Malam, ashe Annabi Isa Bature ne? Kuma a ina ya koyi Hausa?"

Ran Lahadi kuma na tambayi yara labarin gwajin da Iblis ya yi wa Yesu a jeji. Wani yaro ya ce Iblis ya zo da kamannin maciji. Muka buɗe Luka 4:1-13, muka karanta tun daga fari har ƙarshe. Babu maciji. Yaron ya dube ni ya ce, "Baba, ai na gani da idona!"

Maganar yaron nan ce ta sa na rubuta maka wannan takarda.

MAJIGI BA ABIN ƘI BA NE

Kada ka ce dattijo yana hana kallo. A makarantar mishan inda na koyi karatu, malaminmu yakan manna mana hotunan takarda a kan ƙyalle, ga Yusufu, ga raƙuma, ga rijiya. Amma in ya gama sai ya tattara hotunan ya sa a akwati, ya buɗe Littafi ya ce mu karanta da kanmu. Hoto ya taimake mu, Littafi ya koya mana.

Majigin Yesu da muka sani ya fito a shekara ta 1979. Wani mai shirya silima, John Heyman, shi ya yi shi tare da ƙungiyar bishara ta Campus Crusade for Christ, wadda Bill Bright ya kafa a Amurka. A ƙasar Isra'ila aka ɗauke shi. Suka bi Bishara ta hannun Luka, suka yi ƙoƙari ƙwarai kada su sa wa Yesu magana a baki wadda ba a rubuta ba. A shekara ta 2022 yawan harsunan da aka juya shi ya kai 2,000, Hausa tana cikinsu. Mutane da yawa waɗanda ba su taɓa riƙe Littafi ba sun fara jin sunan Yesu ta wurinsa. Bulus ya yi murna da kowace hanya da ake shelar Almasihu (Filibiyawa 1:18). Mu ma sai mu yi murna.

Duk da haka, ka san yadda ake ciniki a kasuwar Dakoro. In za ka sayi gero, da tiya ake auna maka. Ba wanda yake auna tiya da gero. Littafi Mai Tsarki shi ne tiya. Majigi kuwa, kome kyansa, abin aunawa ne. Ranar da ka juya su, ka mai da majigi ma'auni, ka yi hasara.

ABIN DA AKE ƘARAWA IRI HUƊU NE

Ba majigin da zai iya nuna Littafi daidai wa daida. Dole a ƙara, dole a rage. Sai ka san irin ƙarin da aka yi, gama ba duka nauyinsu ɗaya ba ne.

Na fari, akwai abin da aka ɗauko daga wani wuri cikin Littafi. A majigin Yesu ka ga kambin ƙaya a kansa. Luka bai ambaci kambin nan ba, amma Matiyu 27:29, da Markus 15:17, da Yahaya 19:2 sun ambace shi. Wannan gaskiya ce, an dai kawo ta daga rumbun maƙwabci. Ba laifi a nan.

Na biyu, akwai abin da mai majigi ya cika da kansa domin Littafi ya yi shiru. Matiyu, da Markus, da Luka, da Yahaya, ba ko ɗaya da ya gaya mana tsawon Yesu, ko launin fatarsa, ko irin muryarsa. Amma ba a iya nuna mutum a ƙyalle ba tare da fuska ba. Fuskar da ka gani ta wani ɗan wasa ce, mutumin Ingila, sunansa Brian Deacon. Muryar da ka ji da Hausa kuwa ta wani mutum dabam ce, wanda ya zauna a ɗakin ɗaukar magana ya karanta. Fuskar wani, muryar wani, ba ko ɗaya da take ta Ubangiji. Yesu Bayahude ne, haifaffen Baitalami. Annabi Ishaya ya faɗa tun da daɗewa cewa ba kyan sura ne zai ja mutane gare shi ba (Ishaya 53:2). A daren da aka kama shi ma sai da Yahuza ya ba mutanen alama kafin su fid da shi daga cikin almajiransa (Matiyu 26:48-49). Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne.

Macijin da yaron nan ya gani yana cikin wannan iri. Luka bai faɗi kamannin da Iblis ya zo da su ba. Masu majigi suka tuna da macijin Farawa sura 3, suka sa shi. Dabararsu ce, ba maganar Luka ba.

Na uku, akwai abin da aka ƙaga domin labari ya yi daɗi. A shekara ta 1956 aka yi wani babban majigi a Amurka a kan Musa, ana kiransa Dokoki Goma. A ciki an sa wata gimbiyar Masar tana son Musa, ɗan Fir'auna kuma yana kishi da shi saboda ita. Ka bincika littafin Fitowa duka, ba za ka sami soyayyar nan ba. An kuma nuna Musa mai kaifin baki ne, alhali kuwa shi da kansa ya kai kuka ga Allah cewa bakinsa yana da nauyi, har aka ba shi Haruna ya zama kakakinsa (Fitowa 4:10-16). Ka ga abin da aka ɓatar? Littafi yana koya mana Allah yakan yi aiki da rarrauna. Majigi ya ba mu jarumi.

A shekara ta 2004 Mel Gibson ya yi majigi a kan shan wuyar Almasihu. A ciki wata mace ta share wa Yesu fuska da ƙyalle a hanyar gicciye. Matar Bilatus ta kawo wa Maryamu ƙyallaye ta goge jini. Hankaka ya ƙwaƙule idon ɓarawon da ya yi wa Yesu ba'a. Ba ko ɗaya cikin waɗannan da aka rubuta a Bishara. Game da matar Bilatus, abin da aka faɗa shi ne ta aika wa mijinta saƙo saboda mafarkin da ta yi (Matiyu 27:19). Waɗansu abubuwan majigin an ɗauko su ne daga al'adun da suka zo daga baya, waɗansu kuwa daga wahayin da wata mace 'yar Jamus, Anne Catherine Emmerich, wadda ta rasu a 1824, ta ce ta gani.

Tun daga shekara ta 2019 kuma akwai wani wasa mai kashi-kashi, The Chosen, wanda ake kallo har a salula. A ciki an raɗa wa matar Bitrus suna, an shirya mata hira da gardama da mijinta. Luka ya gaya mana Bitrus yana da suruka wadda Yesu ya warkar daga zazzaɓi (Luka 4:38-39), amma bai ba mu sunan matarsa ba. Masu wasan nan sun faɗi gaskiya: sun rubuta a farkonsa cewa sun ƙara labaru da maganganu, suka kuma roƙi masu kallo su karanta Bishara. Sai dai rubutun nan yakan wuce da sauri, hoton kuwa ya zauna a zuciya.

Na huɗu, wanda ya fi muni, akwai abin da ya saɓa wa Littafi. A shekara ta 2014 aka yi majigin Nuhu a Amurka. An nuna waɗansu ƙatti na dutse suna taya shi sassaƙa jirgi. An nuna wani mugun sarki ya ɓuya a cikin jirgin. An nuna biyu daga cikin 'ya'yan Nuhu sun shiga ba su da mata. Amma Farawa 7:13 ta lissafta waɗanda suka shiga: Nuhu da matarsa, 'ya'yansa uku, Shem da Ham da Yafet, da matansu uku. Bitrus ya ce mutum 8 ne (1 Bitrus 3:20). Wannan ba cika gurbi ba ne. Littafi ya ce fari, majigi ya ce baƙi.

ABIN DA AKE RAGEWA

Bisharar Luka tana da sura 24, aya 1,151. Majigin Yesu wajen awa 2 ne. Ba yadda za a zuba damin gero duka cikin ƙwarya ɗaya. Masu majigi suka zaɓa, suka bar sauran. In iyakar abin da ka sani ke nan, ashe ka bar wani mutum a wata ƙasa ya zaɓa maka abin da za ka sani game da Mai Cetonka.

Akwai kuma sauya nauyi. Majigin 2004 ya daɗe ƙwarai yana nuna bulalar da aka yi wa Yesu, alhali Yahaya ya faɗe ta cikin aya guda (Yahaya 19:1). Tashinsa daga matattu kuwa, wanda Luka ya ba shi sura guda cif mai aya 53, majigin ya nuna shi cikin ɗan lokaci kaɗan a ƙarshe. Mai kallo zai iya komawa gida da tausayi cike da zuciya, amma ba tare da begen tashi ba. Tausayin Yesu bai taɓa ceton kowa ba. A hanyar gicciye ma ya hana matan Urushalima su yi kuka dominsa, ya ce su yi domin kansu da 'ya'yansu (Luka 23:28).

KADA MU NUNA WA BAƘI YATSA KAƊAI

Mu ma muna yi. Kowace Kirsimati yaranmu sukan yi wasan kwaikwayo a majami'a. Sarakuna uku su shigo da rawuna, su durƙusa gaban komin dabbobi tare da makiyaya. Buɗe Matiyu 2:1-12. Ba a kira su sarakuna ba, masana taurari ne daga gabas. Ba a faɗi yawansu ba, kyautansu ne iri uku. Ba a wurin komi suka sami yaron ba, a cikin gida ne. Ban ce a daina wasan ba. Na ce in an gama, wani ya tashi ya karanta yadda aka rubuta.

DON ME WANNAN YA DAME MU?

Wataƙila ka ce, "Maciji ko ba maciji, mene ne a ciki?" Ka saurara.

Da fari, Allah ya yi kashedi a kan Maganarsa. Ta bakin Musa ya hana a ƙara ko a rage (Maimaitawar Shari'a 4:2). Karin Magana 30:5-6 ta ce wanda ya ƙara a kan maganar Allah za a tsauta masa, a iske shi maƙaryaci. A shafin ƙarshe na Littafi an sake faɗar kashedin (Wahayin Yahaya 22:18-19). Mai majigi da ya ce wasa yake yi, bai ce nassi ya rubuta ba. Amma in kai ka tashi a majami'a, ko a gaban 'ya'yanka, ka ba da abin da ka gani a majigi da sunan Maganar Allah, kai ne ka ƙara.

Na biyu, abu mai kyau yakan zama gunki. Allah ne ya umarci Musa ya ƙera macijin tagulla, mutane suka dube shi suka rayu (Ƙidaya 21:8-9). Bayan shekaru masu yawa jikokinsu suka shiga ƙona masa turare, sai sarki Hezekiya ya farfashe shi (2 Sarakuna 18:4). Shi ya sa na ce wa tsohuwar nan, "Inna, wannan hoton wani bawan Allah ne ɗan Ingila, mai bukatar ceto kamar ni da ke. In kika yi addu'a kina dubansa, wa kike duba? Ubangiji yana jinki ko cikin duhun ɗaki." Kakanninmu sun bar tsafi da wurin yanka domin su bi Allah wanda ba a gani. Kada mu koma ta ƙofar baya.

Na uku, shaidarmu ce a gaban maƙwabta. Mu kaɗan ne a ƙasar nan, ana kuwa dubanmu. Maƙwabtanmu Musulmi ba su yarda a yi surar annabi ba. Da yawa cikinsu kuma an koya musu cewa an sauya Littafinmu. In ka ba maƙwabcinka labarin da ka gani a majigi, ya ce ka nuna masa a Linjila, ka buɗe ka rasa, me zai ce a ransa? Luka ya ce ya bi diddigin kome da kyau tun daga farko, daga bakin waɗanda suka gani da ido, domin mai karatu ya tabbata (Luka 1:1-4). Bitrus ya ce ba tatsuniya suka bi ba (2 Bitrus 1:16). Kada mu gauraya shaidarsu da tatsuniya da hannunmu.

Na amsa wa maƙwabcina na ce, "Malam, ba shi ba ne. Ɗan wasa ne. Yesu ba Bature ba ne, daga zuriyar Ibrahim da Dawuda yake. In kana so ka san abin da ya faɗa, ga Littafin, mu karanta tare."

ABIN DA ZA KA YI A GIDANKA

Mutanen Biriya sun ji wa'azi daga bakin manzo Bulus kansa. Suka karɓa da murna, amma kowace rana suna bincika Littattafai su ga ko haka ne. Ba a zarge su ba, yabonsu aka yi (Ayyukan Manzanni 17:11). In an auna wa'azin manzo, balle majigi?

1. Kafin a kalla, a karanta. In ka ji za a nuna majigi, ko wani ya kawo shi a salula, ka tambaya wane labari ne, ku karanta shi tukuna.

2. Kada ka bar yara su kalla su kaɗai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ka gaya musu a fili cewa mutumin da suke gani ɗan wasa ne.

3. Bayan kallo, ku yi tambaya uku. Me muka gani da yake a rubuce? Me muka gani da ba a rubuta ba? Me aka rubuta da ba a nuna ba? Uwargida ta san aikin nan. In ta sussuke gero takan sheƙe shi, tsaba gefe, ƙaiƙayi gefe. Ba ta zubar da geron saboda ƙaiƙayi, ba ta kuwa dafa wa iyalinta ƙaiƙayi.

4. In majigi ya saɓa wa Littafi, a kashe shi. Kada ka ba wani.

5. In ba ka iya karatu ba, kada ka ji kunya. Ɗanka da ke makaranta ya karanta maka. Ko ka nemi karatun Littafi da aka ɗauka da murya, ka sa a salula. Ko ka je wurin fasto ko mai bishara ka tambaya.

6. Ku karanta Luka duka. In kun fara ran 1 ga Disamba, sura ɗaya kowane dare bayan tuwo, za ku gama ran 24, daren Kirsimati. Allah ya ɗora wa iyaye koyar da Maganarsa a gida, da zama da tafiya, da kwanciya da tashi (Maimaitawar Shari'a 6:6-7). Bai ɗora wa injin wuta ba.

Tun 1932 muke da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, bayan wahalar shekaru da Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka sha. A 1979, shekarar da majigin Yesu ya fito, aka gama sabuwar fassara. Majigi yakan zo dare ɗaya, a naɗe ƙyalle a tafi. Littafin yana nan a gidanka. Yana buɗe, ko yana cikin akwati ƙarƙashin kayan sallar Kirsimati?

GANI YA KORI JI?

Haka mukan ce, a kasuwa kuwa gaskiya ne. Kada ka sayi sa sai ka gan shi. Amma a sha'anin bangaskiya Allah ya shirya wata hanya. Bangaskiya ta wurin jin maganar Almasihu take zuwa (Romawa 10:17). Toma ya ƙi gaskatawa sai ya gani, Yesu kuwa ya sa albarka a kan waɗanda za su gaskata ba su gani ba (Yahaya 20:29). Kai da ni muna cikinsu.

Ka tuna da almajirai biyu a hanyar Imuwasu (Luka 24:13-35). Yesu da ya tashi ya yi tafiya tare da su, ba su gane shi ba. Da ya so, da sai ya nuna musu fuskarsa nan take. Maimakon haka ya fara daga Musa da annabawa, yana bayyana musu Littattafai, zuciyarsu tana ƙuna a cikinsu. Sai daga baya idonsu ya buɗe. Suna gane shi kuma ya ɓace musu. Fuskar ta tafi, Maganar ta zauna.

Ɗan'uwana, ka yi kuka a gaban ƙyalle, amma ka tuba a gaban Allah? Wanda ya mutu saboda zunubanka ba wasa ya yi ba. Jininsa na gaske ne, kabarinsa na gaske ne, tashinsa na gaske ne. Wata rana za mu gan shi yadda yake (1 Yahaya 3:2), ba mai kwaikwayonsa ba. Kafin ranar, ya bar mana Maganarsa, ta kuwa isa.

ADDU'A

Ya Uba na sama, mun gode maka domin Ɗanka Yesu Almasihu. Mun gode domin Maganarka da muke da ita cikin harshenmu. Ka gafarta mana inda muka fi son kallo da karatu. Ka ba mu Ruhunka Mai Tsarki, mu iya rarrabe abin da ka faɗa da abin da mutane suka ƙara. Ka tsare 'ya'yanmu. Ka sa shaidarmu ta zama gaskiya a gaban maƙwabtanmu. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.

In ka gama karanta wannan takarda, ka ba wani gida.